Shekarar da Na Kai Babanku Gidan Mari

Ku 'ya'yan Yakubu, wannan babin naku ne. Abin da na rubuta a baya, na noma da fataucin gyaɗa da 'yan tafiye-tafiyena, kowa na iya karantawa ya ajiye. Wannan kuwa ina so ku ukun ku zauna ku karanta shi tare. Kwanaki da aka yi suna a maƙwabta, ina zaune a zaure na ji wata tsohuwa tana gaya wa babbarku Ummi cewa wai ƙanena Idi, wanda babanku ke ce wa Baffa, shi ne ya kai babanku gidan mari, kuma wai mahaifiyarku ta tattara ku ta gudu a lokacin da mijinta ya fi buƙatarta. Na ji da kunnena, ban ce uffan ba, kamar yadda na saba yi shekara da shekaru. Idi yana kabari, ba zai kare kansa ba. Mahaifiyarku Rakiya kuwa ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta tona asirin surukinta ba. Saura ni, kuma kwanana ba su da yawa.

Babanku shi ne ɗana na fari, kun kuwa san al'adarmu. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In ina nemansa sai in ce wa wani, kira mini yaron nan. Inna, kakarku, ita ma haka take yi. Ba rashin so ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Ya tashi mai surutu da dariya, mai ƙarfin noma, in ya kama garma sai ka ce ba zai gaji ba. Sai dai gonar ce babu. Da aka raba gadon mahaifinmu, abin da ya zo hannuna in ka tsaya a wannan iyakar ka yi atishawa, na waccan iyakar zai yi maka addu'a. A ƙasarmu nan ba a share daji, kowane taku yana da mai shi. Bayan ya yi aure an haifi Ummi da Sadiku, geron da muke samu ba ya kai mu wata takwas. Shi ya sa da ya ce zai shiga soja ban hana shi ba. Na sa masa albarka ta bakin Idi, ya tafi.

An kai su gabas, inda ake fama da 'yan tayar da ƙayar baya. Wata rana saƙo ya zo cewa an far wa sansaninsu, ba a gan shi cikin gawarwaki ba, ba a kuma gan shi cikin waɗanda suka tsira ba. Shekara ɗaya da wata huɗu muka yi a haka. Ba mu yi zaman makoki ba tunda ba gawa, ba mu kuma yi dariya ba. A cikin wannan jiran aka haifi Auta. Sai ga shi da ƙarshen hunturu, an aiko cewa an same shi tare da wasu da aka tsare a daji, yana asibitin sojoji. Bayan wata biyu aka sallame shi daga aikin saboda lafiyarsa, aka kawo shi gida.

Ranar da ya sauka ƙauyen nan ya cika. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, amma yana tafiya da ƙafafunsa, yana amsa gaisuwa. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Mako biyu zaure bai rabu da baƙi ba, kowa da tambayarsa. Yaya aka yi suka kama ka? Me suke ba ku ku ci? Su nawa ka gani an yanka? Wasu in sun fita sai su yi ƙasa da murya, su ce mutumin da ya shekara a hannun waɗannan mutane bai mutu ba, wa ya san abin da ya ba su. Yana jin su. Yakan yi murmushi ya ce Allah ne ya kiyaye, daga nan ba ya ƙarawa.

Inna ce ta fara lura. Wata rana ta shigo ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, yaron nan fa yana ɓoye tuwo a aljihu."

"Wane irin tuwo a aljihu?"

"Rakiya ta zo wanki ta gani. Kuma ɗazu yana zaune a gindin randa, ƙishirwa ta ishe shi, bai sha ba sai da ya ce mini, Inna, in sha? A gidan ubansa, Malam."

Na ce mata sabo ne, zai bari. Bai bari ba. Da baƙi suka ɗauke ƙafa sai ya shige ɗaki ya kwanta, fuskarsa tana kallon bango. Ba ya faɗa, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Kwanciya ce kawai. Wanka sai Rakiya ta yi da gaske. Masallacin da ke ƙofar gida ya gagare shi, sai ya yi sallarsa a zaune a ɗaki, wani lokaci ma ta wuce shi. In kun shiga kuna hawan jikinsa yakan rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa, har mahaifiyarku ta zo ta janye ku. Auta da bai taɓa gani ba, ko ɗaukarta bai iya yi ba. Ya ce hannunsa bai dace da jariri ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka shiga noman farko. Ni da furfurata ina duƙe a gona, maƙwabtana kowa da 'ya'yansa a gefe, ni nawa ƙato yana kwance a gida. Masu wucewa sukan ce, "Malam Haladu, ina sojan naka?" In ce yana hutawa. Abin ya ci ni. Wata rana na dawo da rana tsaka, ko fartanya ban ajiye ba, na tsaya a ƙofar ɗakinsa na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta.

"Abokan aikinka nawa suka mutu a dajin nan? Kai Allah ya dawo da kai da hannu da ƙafa. Wannan ce godiyar? Wannan ba ciwo ba ne, butulci ne da lalaci."

Ya tashi zaune ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Da ma ni aka bari can, da ya fi."

Ban gane abin da ya faɗa ba. Na ɗauka baƙar magana ce.

Bayan kwana uku, da hantsi, ina gyaran mangalar jaki sai na ji Rakiya tana kiran Inna da irin muryar da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta same shi a ɗakin ajiya yana zaune a kan buhu, riƙe da kwalbar maganin feshin wake. Bai buɗe ba. Da ta karɓe bai hana ta ba, cewa kawai ya yi da ita ta yi haƙuri, ya ga kamar kowa zai fi hutawa. Tsoro ya kama ni, kuma a cikin wannan tsoron na yanke shawarar da nake so ku sani.

Da la'asar na kira Idi da Inna. Wani abokina ya daɗe yana gaya mini labarin wani malami a wani ƙauye mai nisa, wanda ake kai wa masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye. Mutane da yawa sun ce iska ce ya kwaso a daji, wasu suka ce asiri aka yi musu don kada su faɗi abin da suka gani. Na ce can za mu kai shi.

"Yaya, ba haka ba," in ji Idi. "Mu kai shi Kano, asibiti. Akwai likitocin irin wannan. Ni zan raka shi."

"Asibitin mahaukata? A rubuta sunan gidan nan a takarda? Gobe wa zai zo neman auren ƙannensa, wa zai nemi Ummi in ta girma?"

"To can ɗin da kake faɗa, ka san abin da suke sa wa mutane a ƙafa?"

"Na sani. In yana ɗaure ai ba zai kai hannu ga kwalba ba."

Inna ba ta taɓa sa baki a maganar ɗanta na fari a gaban mutane ba. Ranar ta sa.

"Malam, wanda aka kwance jiya shi za ka mayar?"

Na ce mata maganar maza ce. Idi ya yi ta roƙona har ya gaji. Daga ƙarshe ya ce tunda na dage, ba zai bar ni in tafi da shi ni kaɗai ba. Shi ya nemo motar a Makoda, shi ya zauna a gaba, shi mutane suka gani. Abin da ya sa har yau ake cewa shi ne ke nan.

Ban gaya wa babanku gaskiya ba. Na aika Idi ya ce masa za mu je gaida wani malami ya yi mana addu'a mu dawo. Ya sa rigarsa ya fito ba musu. A mota ya jingina da taga yana kallon gero, har ya ce wa Idi bana dawa ta yi kyau a wajen nan. Ita ce magana mafi tsawo da na ji ya yi a wannan watan. Da muka isa, malamin ya karɓe mu da mutunci. Ba zan zage shi ba, bai zo gidana ya ɗauki kowa ba, ni na kai. Aka shiga da mu wani tsakar gida, mutane kusan goma suna zaune a inuwa, kowanne da ƙarfe a ƙafa. Na shirya wa kokawa, don na san ƙarfin ɗana. Na ɗora hannuna a kafaɗarsa ina jiran ya zabura. Da ya ga mutum ya taho da mari da guduma, sai ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafar wandonsa da kansa, ya miƙe ƙafafu ya haɗa su daidai yadda mai ɗaurin zai ji daɗin aiki. A nan na fara ganin tabon da ke idon sawunsa, zobe baƙi a kowace ƙafa. Wata uku yana gidana ban taɓa gani ba.

"Ba zan gudu ba, ranka ya daɗe," ya ce.

Ba da malamin yake ba. Da ni yake.

Idi ya fita waje. Ni na tsaya har aka gama, ina gaya wa kaina cewa ransa nake ceto.

Da muka dawo Rakiya ta ga mun sauko mu biyu. Ba ta yi kururuwa ba. Washegari ta zo ta durƙusa a ƙofar zaure, Auta a bayanta, ku biyun a gefenta.

"Baba, zan je gida Zakirai."

"Yaji za ki yi?"

"A'a, Baba. Ni matarsa ce har gobe. Amma ba zan iya cin tuwo a gidan nan yana can ba. Ranar da aka dawo da shi, ko da ƙafa ne zan taho."

Wannan shi ne gudun da ake cewa ta yi. Kuma daga baya na ji cewa daga Zakirai sau biyu ta sa yayanta ya kai ta can, ta kai masa fura da kayan sawa. Ni da na kai shi ban leƙa ba, don malamin ya ce ganin 'yan'uwa yana ɓata aiki, ni kuma na ji daɗin samun hujja. Inna ta ci gaba da kawo mini abinci, ta ajiye ta juya. In na yi magana ta ce to. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa sanin gidana zai iya yin shiru haka ba.

Kwana ashirin da uku ya yi a can. Abin da ya fito da shi wani tsoho ne da ke sayar da igiya da mangala a kasuwar Makoda, mutumin wajen Shanono, kowa na ce masa Baba Kofur. Na san tsohon soja ne tun na yaƙin basasa, ban san komai bayan wannan ba. Na tsaya sayen igiya, sai ya riƙe ta bai sake mini ba.

"Malam Haladu, zauna. An ce ka kai ɗanka gidan mari."

Na ce larura ce. Ya matsa mini a kan tabarmarsa.

"Ni ma an kama ni a wancan yaƙin. Wata bakwai na yi a hannu. Da na dawo aka yi kiɗa, aka yanka rago. Bayan wata biyu na kwanta. Shekara shida ina kwance ina tashi. Matata ta farko ta tafi, ban ga laifinta ba. Ka san me ya fi yi mini ciwo? Kowa yana tambayata yadda na tsira. Ba wanda ya zauna ya ji abin da na tsira da shi a ciki. Kai ka taɓa zama da yaron nan?"

"Ɗan fari ne, Baba."

"To sai me? Kunya ta hana ka zama kusa da shi, amma ba ta hana ka riƙe shi a sa masa ƙarfe ba?"

Kasuwa tana ci, ana ta ciniki a kanmu.

"Ba hauka yake ba," ya ce. "In da hauka ne da ya huta, don mahaukaci ba ya tuna komai. Shi tunawa ce ta yi masa yawa. A zamanina ba mu da likitan wannan, ko akwai ba mu sani ba. Yanzu akwai. Tashi ka je ka kwance ɗanka tun yana sauran gane ka."

Daga kasuwa gidan Idi na wuce. Ban san yadda zan fara ba, na tsaya ina murza hula. Ya dube ni, ya shiga ya sako takalminsa. Bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba, har ya koma ga Allah.

Mun sami babanku a inuwar nan, an aske masa kai, ƙafafun sun kumbura, tsohon tabon ya buɗe yana ruwa. Da aka cire ƙarfen bai tashi ba sai da Idi ya ce masa ya tashi. Ni bai dube ni ba. Kai tsaye Kano muka wuce. Likitan da ya gan mu bai kai babanku shekaru ba. Ya fitar da mu ya zauna da shi su biyu fiye da awa guda, sannan ya kira ni.

"Baba, ɗanka ba mahaukaci ba ne, kuma ba ƙarancin imani ke damunsa ba. Ciwon damuwa ne mai tsanani, ga firgicin abin da ya gani. Yana kama mutane da yawa da aka tsare irin haka. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, amma yana son lokaci. Ku ci gaba da addu'a, ku haɗa da maganin. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Kada kuma a sake ɗaure shi."

Ya faɗi ta ƙarshen yana kallon takarda, don kada ya kunyata ni.

Babanku ya yi mako biyu a asibitin. Rakiya ta riga mu isowa gida, ta share ɗaki ta kunna turare. Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Maganin farko ya sa shi barci da yawa da nauyin baki, sai da aka canza. Kowane wata Idi yana raka shi Kano, don ni in na ce zan je sai ya ce ya fasa. Baba Kofur ya riƙa zuwa duk bayan kasuwa, su zauna a gindin darbejiya, wani lokaci ba mai cewa komai. A hankali ya fara wanka da kansa. Wata rana na shigo na tarar da Auta a cinyarsa tana jan gemunsa, na juya da sauri kada ya gan ni ya ajiye ta.

Da kaka ta yi, ina cirar gyaɗa ni kaɗai sai na ji motsi a bayana. Shi ne, ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Kwana huɗu muna aiki ba magana sai sannu. A na biyar muka zauna a gindin gawo da rana, na tura masa ƙwaryar fura. Na tuna maganar tsohon nan. Sai na ce masa:

"Abin da ya faru a can, in kana so ka faɗa, ina ji. In ba ka so, shi ke nan."

Ya daɗe yana juya ludayi. Abin da zan rubuta yanzu sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta, kun girma.

Ya ce su biyu-biyu ake haɗa su a ƙarfe ɗaya. Shi an haɗa shi da wani abokin aikinsa mutumin kudu, wanda ba ya jin Hausa sosai. Wata tara suna tare, in ɗaya zai juya sai ya tashi ɗayan. Mutumin yana da 'ya mace, kullum zancenta yake yi. Abincinsu dafaffiyar dawa ce, tafin hannu ɗaya kowane mutum a yini. Sai mutumin ya kamu da gudawa, ya yi ta ƙanjamewa har ya cika. Babanku ya rufe shi da tsumma. Da mai rabon abinci ya zo ya ce masa barci yake. Ya karɓi kaso biyu. Washegari ma haka.

"Kwana biyu, Baba. Ina cin rabonsa, ƙafarsa tana haɗe da tawa, ta yi sanyi. Duk lomar da na kai baki a gidan nan sai na ji sanyin nan. Kuna ce mini in gode wa Allah, ni kuwa ina ganin ɓarawon gawa aka dawo muku da shi."

Na san ayoyi da hadisan da suka yi magana a kan wanda yunwa ta matsa wa, na kuma so in jawo su. Sai na ga ba fatawa yake nema ba.

"Yakubu," na ce.

Ya ɗago da sauri. Tun da aka raɗa masa sunan bai taɓa jin sa a bakina ba.

"Da kai ne ka riga shi, shi ya ci rabonka ya rayu ya koma wa 'yarsa, za ka riƙe shi da laifi?"

"A'a. Da na so hakan."

"To shi ma mutum ne kamarka."

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na yara, da sauti. Na matsa na dafa bayansa. Masu wucewa ta hanyar gona suna kallonmu, ban janye hannuna ba.

Na nemi gafararsa a kan gidan mari, amma ba a ranar ba, sai da shekara ta zagayo na sami ƙarfin hali. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Sai dai ya ƙara da wata magana da ba zan ɓoye muku ba. Ya ce waɗancan da suka ɗaure shi a daji ba su san shi ba, shi ya sa nasu ya fi saurin warkewa. Ɗingishin da kuke gani yana yi in sanyi ya kama, ƙafar hagu, ba daga daji ya kawo shi duka ba. Rabi nawa ne. Kuma har yau bai taɓa shiga mota mu biyu ni da shi ba, sai da na uku.

Yanzu kun san shi yadda yake. Yana noma gonata da ta Idi, yana kiwon awakinsa, yana shan maganinsa, shi ke kai Auta makaranta a babur. Surutun da na san shi da shi bai dawo duka ba, amma yakan yi dariya. Ciwon kuma bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo. Bara gab da shuka ya sake kwantar da shi, kuna makarantar kwana ba ku gani ba. Rakiya ta kira likitansa a waya aka gyara maganin. Ni kuma, da yake gona ta fi ƙarfina yanzu, na sa aka shimfiɗa mini buzu a ƙofar ɗakinsa, aka ajiye mini kwandon gyaɗar iri. Kullum in na karya sai in zo in zauna ina ɓara. Ban ce masa ya tashi ba, ban yi masa wa'azi ba. Nakan yi tari dai don ya san ina nan. Kwana tara muna haka. A na goma, wajen azahar, labule ya motsa, ya fito ya zauna a gefen buzun. Ya ɗebi gyaɗar ya ɓare biyu-uku ya duba.

"Baba, irin nan ƙwari sun ci shi. Ba zai fito ba."

"To yaya za a yi?"

"Ranar kasuwa sai in je Makoda in samo wani."

Kwana tara na yi ina ɓarar gyaɗar da ba za ta shuku ba, idona bai gani ba, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi shi amfani ba. Inna ta rasu, Idi ya rasu, Baba Kofur ya rasu. Ni ma gwiwata ta kusa daina kai ni ƙofar nan. Mahaifiyarku ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai fiye da yadda ya kamata. In ciwon ya sake leƙowa ba na nan, a kira likita, a ba shi maganinsa, sannan ɗaya daga cikinku ya ɗauki buzun ya je ya zauna. Ba sai kun san abin da za ku ce masa ba. Ni ma ban sani ba.